A Kai Su Zaka

Ana jibi addu'ar arba'in ɗin Abduljalil aka wayi gari babu tantabarunsa. Akurkin kara da suke ciki, wanda ke ajiye bayan ɗakin girki, an ɗauke shi ɗungurungum lokacin da maza ke masallaci sallar asuba. Da a nan abin ya tsaya da ba wanda zai ɗaga kai, don a shekarar nan ba abin da ba a sacewa a Zangon Wagadugu. Shirin gyaran tsakiyar gari da ake kira ZACA, a baki a ce Zaka, ya riga ya kwashe rabin unguwa, kuma duk gidan da katafila ta taɓa, kafin yamma ƙofarsa da kwanonsa sun yi ƙafa. To amma wannan ɓarawon ya bar sawu a ƙasa mai laima kusa da randa, kuma duk yaron unguwa da ya leƙa ya gane takalmin. Na Abduljalil ne, wanda aka binne.

Kafin azahar mata sun gama shari'a: yaron ne ya dawo ya kwashi abinsa. Har da wadda ta rantse ta ji kukan tantabara a maƙabarta, alhali ko hanyar maƙabartar ba ta sani ba. Maza kuwa suka ce ba wata fatalwa, Rafi'u ne ɗan Mani direba. Ba shi ne abokinsa na ƙut da ƙut ba? Ba su ne ke musayar riga da takalmi ba? Kuma ba a gaban jama'a ya ce wallahi ba za a yanka tsuntsayen nan ba? Sai a rage murya a ƙara da cewa ai dama 'yan Nijar ne, baƙin jiya.

Uban mamacin, Alhaji Abdulganiyu, jikan fataken goro ne da suka kafa unguwar, kuma ba mugun mutum ba ne. Amma ka dubi abin da ya same shi. Bara rumfarsa ta atamfa ta ƙone a gobarar babbar kasuwar Rood Woko. Da kaka ta yi aka rushe gidan gadonsa, ya kwaso iyali ya raɓe a gidan yayansa Tijjani, ɓangaren da rusau bai iso ba tukuna. Bazara na shigowa sanƙarau ya ɗauke masa ɗansa namiji ɗaya tilo, ɗan shekara goma sha shida, kafin ma a gama gane ciwon. Wuta ba ta da ƙofar gida da za ka je ka yi mata sallama, ciwo ma haka, amma Rafi'u yana da ita. Alhaji ya rantse in aka shafa fatiha ranar Juma'a tantabarun ba su dawo ba, da hannunsa zai kai yaron komisariya, wurin 'yan sanda.

* * *

Mani bai tsaya gardama da kowa ba, ya hau ɗan babur ɗinsa, mobilet, ya nufi kasuwar dabbobi neman Ɗantsoho.

Ɗantsoho mutumin Adar ne. Da ƙuruciya sana'arsa bin sawu: a sace raƙumi ko garken shanu, a zo a ɗauke shi, ya duƙa ya bi ƙasa har ƙofar ɓarawo. Yanzu gwiwa ta ƙi, ya zama dillalin raguna, ga baƙar magana sai ka ce barkono ya karya kumallo da shi. Tun da ya zo Waga ya daina bin sawu, wai ƙasar birni maƙaryaciya ce, ƙafa dubu za ta taka wuri ɗaya kowace ta ce ita ce.

Mani ya tsuguna ya zayyana masa komai. Mai garejin da Rafi'u ke koyon gyaran babur ya riga ya aiko kada ya sake zuwa. Amma ba wannan ne ya fi ci masa rai ba, ba kuma komisariyar ba. Unguwa watsewa take yi. Nan da damina wasu suna Nioko, wasu suna bayan gari inda aka yanka musu fili, wasu sun koma Nijar, kowa zai tafi da labarin yadda ya ji shi. In ba a wanke yaron yanzu ba, ba sauran zauren da za a sake tara mutanen nan a wanke shi.

Wannan magana ta shige Ɗantsoho. Shi ma ya san Abduljalil. Yaron kan zo kasuwa tsintar dawar da ta zube a gindin buhuna, ya tsaya yana tsokanarsa, wai Baba in da gaske ka iya, bi mini sawun tsuntsu a sama. Tsohon kan jefe shi da ƙwallon goruba, yaron ya cafe ya gudu yana dariya.

"Zan duba," ya ce. "Amma ka ji da kyau, Mani. In sawun ya kai ni ɗakinka, a gaban kowa zan faɗa. Ba ruwan ƙasa da cewa garinmu ɗaya."

* * *

Da suka isa gidan, 'yan kallo sun gama tattake tsakar gida, Ɗantsoho ya yi ta zaginsu ciki-ciki. Sai ya ga ƙwarya a kife kusa da randa. Aka ce masa Hajjo ce, uwar yaron, ta kife ta tun da safe ta hana kowa taɓawa. Ba don bincike ta yi ba, Allah sarki. Sawun ɗanta ne ba ta so iska ta share.

Ya duƙa da ƙyar ya ɗaga ƙwaryar. Silifas ne na roba, ƙafar hagu, an ɗaure hancinsa da waya, wayar ta bar ɗan rami a ƙasa. Ya daɗe yana kallo. Gaban takalmin ya nutse sosai, amma gefen baya ko taɓa ƙasa bai yi da kyau ba. Ƙafar da ke ciki ba ta cika takalmin ba. Ya fita ta ƙofar baya ya tsinci sawun a kangon gidajen da aka rushe, inda ba mai bi sai awaki. Taku gajere, a layi ɗaya, ba karkata: tafiyar wanda ya ɗaura zani kuma ya ɗora kaya a ka. Ya bi har bakin gudro, titin kwalta, a nan sawun ya ƙare, ya nufi arewa maso yamma.

Ya san mace ce. Ya kuma san in ya faɗa yanzu za a ce mutumin Nijar ya kare ɗan Nijar. Sai ya haɗiye abinsa ya koma gidan.

* * *

Alhaji ya karɓe shi a zaure ba yabo ba fallasa. Ɗantsoho bai tambaye shi ɓarawo ba, yaron ya tambaye shi. Alhaji ya ce Abduljalil taurin kai gare shi. An sa shi lakwal, makarantar boko, ya karanta ya zama wani abu, shi kuwa hankalinsa na kan katanga wurin tsuntsaye. Har ya taɓa dukansa a kan haka. Ranar gobarar kasuwa ma, yana ihu a zo a fitar da atamfa, sai ya hango ɗan nasa ya goyo wani tsohon tela gurgu daga cikin hayaƙi. A ranar haushi ya ji. Yanzu kuwa ba dare ba rana abin da yake gani ke nan.

Da Ɗantsoho ya tambayi dalilin yanka tantabarun, Alhaji ya gyara zama. Wasiyya ce, in ji shi. Maganar yaron ta ƙarshe ke nan kafin bakinsa ya rufe: a kai su zakka. Yaro ne, bai raba zakka da sadaka ba, amma nufinsa a fili yake, a bayar da su saboda Allah. Shi ya sa ya yi niyyar a yanka su ranar arba'in a dafa wa malamai da mabukata, ladan ya kai masa.

Tijjani, yayan Alhaji, yana gefe yana jan carbi, sai ya tsoma baki. Ya ce shi fa yana wurin, ba zakka yaron ya ce ba, Zaka ya ce, sunan rusau. Zafin zazzaɓi ne ya sa yake sambatun abin da ya gani an yi wa gidansu. Nan 'yan'uwan biyu suka sarƙe, kowa yana ɗaga murya, ka ji ka san ba yau suka fara wannan musun ba. Tijjani dama bai taɓa son tsuntsayen ba, kullum yana mitar sun ɓata masa tabarmar salla, kuma bai ɓoye ba ko a gaban baƙo. Ɗantsoho ya saci kallon ƙafarsa, faffaɗa kamar faranti, ya tashi ya bar su suna yi.

* * *

Wani ya raɗa wa Ɗantsoho cewa an ga gashin tsuntsu jibge bayan rumfar Wada mai gashin kaji. Ya je. Gashin zabi ne da na kajin turawa, ko makaho ya shafa ya sani. Amma tun da ya zo, ya zauna a benci ya ambaci sunan yaron.

Wada ƙato ne mai muryar gangara, sai ga shi yana share ido da gefen riga yana cewa hayaƙi ne. Ya ce shi ya gasa tantabarar Abduljalil? Ai tantabarar yaron ta farko daga hannunsa ta fito. An kawo masa ita da karyayyen fiffike zai yanka, yaron ya tsaya masa a kai, ya ce zai yi masa figar kaji har sai ya ce ya isa. Ya yi ta figa har yatsunsa suka kumbura, ya ɗauki abarsa ya ɗaure mata fiffike da tsinken tsire. Ta warke, ta yi 'ya'ya, duk garken nan jikokinta ne. Tun daga ranar Wada bai sake sa tantabara a wuta ba.

Da Ɗantsoho zai tashi, Wada ya rage murya. Ba ya son ya ƙara wa ɗan Mani nauyi, amma gaskiya ɗaya ce: gab da ciwon, su biyun sun yi dambe a nan gaban rumfarsa har sai da ya raba su. Kuma a kwanakin nan kullum da magariba Abduljalil kan wuce a keke, hannuwansa jajir da laka, bai san daga ina ba.

* * *

Rafi'u yana ƙuryar ɗakin uwarsa, ya ƙi ci ya ƙi fita. Dogo ne, zanƙalele, da ya miƙe sai da ya sunkuyar da kai saboda rufi. Ɗantsoho ya dubi ƙafafunsa sau ɗaya bai sake ba. Silifas ɗin nan ko rabin tafinsa ba zai ɗauka ba.

Yaron ya ce shi ya ɗaure takalmin da wayar birki, a gareji, yana yi Jalil yana zaune a kan tsohuwar taya yana ba shi labari. Haka yake, in ya fara magana da Hausa sai ya bi ta Faransanci ya sauka a Mosanci, duk a numfashi ɗaya, kuma in ka yi dariya ya ce kai ne ba ka da kunne. Jalil ne mai tsaron gidan ƙwallonsu, gajere, ana cin su yana ba 'yan gaba shawara. Damben kuwa, tun da aka rushe gidansu Jalil ya fara ɓacewa kullum da la'asar, ya ƙi faɗin inda yake zuwa, wai sai ya gama. Rafi'u ya ji haushi ya ce budurwa ya yi yake ɓoyewa, magana ta yi tsami. Ba su shirya ba har ya kwanta.

Ya ƙara da cewa, "Je te jure, na rantse, Baba, ban ɗauka ba. Amma da na san inda zan kai su, da na ɗauka. Ban ce masa ya yafe mini ba, ka gane? Ban samu na ce ba."

Ɗantsoho ba ya iya rarrashi. Ya ce masa ya tashi ya ci tuwo, ba a wanke mutum da yunwa a cikinsa.

* * *

Washegari, Alhamis, Ɗantsoho ya nemi ganin Hajjo. Ta zauna a bakin ƙofar ɗakinta ta ja mayafi, shi yana kan kujera 'yar tsugune daga nesa. Ita 'yar Dogon Dutsi ce, aure ya kawo ta Waga, har yau Mosancinta na cefane ne. Ta ce Abduljalil tun yana jariri ba nata ba ne ita kaɗai. Da ta haife shi ta yi doguwar jinya, wata tsohuwa 'yar Mosi mai sayar da itace a maƙwabta, Yaaba Poko, ita ta goye shi har ya yi ƙafa. Bakinsa ma da yaren tsohuwar ya buɗe, sai daga baya Hausa ta kama. Da rusau ya zo kowa ya kama gabansa, an ce ɗan ƙanenta ya ɗauke ta zuwa unguwar Larle.

Ya roƙe ta ta maimaita masa maganar ƙarshe, yadda ta ji ta, kada ta gyara. Ta ce kunnenta na bakinsa a lokacin. Ta rufe ido ta faɗa a hankali: "A kai su zaka." Kalmar ta fito sakayau, ba nauyin da ke tsakiyar zakka. Ɗantsoho ya ce a ransa to Tijjani ya fi kusa, amma me rusau zai yi da tantabaru?

Ana cikin haka Kubra, yayar mamacin, ta kawo masa ruwa. Budurwa ce mai shiru-shiru, idanunta sun kumbura. Ta durƙusa ta ajiye kofin, shi kuwa tsohon hali, ƙasa yake kallo. Tsakanin babban yatsanta na hagu da mai bi masa akwai sabon ciwo, irin wanda waya ke yi wa mai doguwar tafiya. Ta ga inda idonsa yake, ta ja zani ta rufe. Ya shanye ruwan.

Ya fito ransa a jagule. Ya samu ƙafar, amma bai ji daɗi ba ko kaɗan. Me zai sa yarinya ta saci abin ƙanenta, ta bar ɗan mutane a wuta? Yana tafe yana jan gwiwa, a bakin famfo wasu mata biyu 'yan Mosi suka gamu suna gaisawa. Gaisuwar da ya ji sau dubu tun zuwansa garin nan, har shi ma yana yi wa masu sayen rago. Ɗaya ta ce, "Zak ramba?" Ɗayar ta ce lafiya. Wato, ina mutanen gida ake tambaya.

Ɗantsoho ya tsaya cak a tsakiyar hanya har wani mai mobilet ya zage shi. Zaka. Gida. Kai, tsufa bai yi ba! Ya aika a kira masa Mani, ya ce ya kai shi Larle.

Ba su sha wuyar samun gidan ba, kowa ya san tsohuwar da ta zo daga Zango. Ɗantsoho bai shiga ba. Ya tsaya jikin katanga ya kasa kunne, ya ji abin da ya zo ji, ya ce wa Mani su juya. Da la'asar ya tare Kubra a hanyar famfo. Ya ce mata gobe zai yi magana, amma ya fi so ƙarshenta ya fito daga bakinta.

* * *

Ranar Juma'a da hantsi aka yi addu'a a ƙofar gidan Tijjani. Duk wanda ya rage a Zango ya zo, har da waɗanda suka riga suka tashi. Mata suna daga ciki, bayan zaure, inda ba abin da ke wuce su. Mani ya zo da ɗansa suka zauna can gefe, ba wanda ya matsa musu tabarma. Ana shafa fatiha Alhaji ya dubi Ɗantsoho ya ce yana saurare.

Tsohon ya miƙe ya dogara da sanda. Ya fara da fatalwa, ya ce shi dai a iya yawonsa bai taɓa ganin mamacin da ke neman takalmi ba. Wada, ya ce, gashin zabi ne a bayan rumfarsa, sai dai a kama shi da ƙazanta. Malam Tijjani kuwa ya so tsuntsayen su ɓace, amma ƙafarsa ba ta shiga takalmin yaro ko da man gyaɗa. Aka yi 'yar dariya, Tijjani ya tsuke fuska. Sannan ya sa Rafi'u ya miƙe ya ɗaga ƙafa kowa ya gani, ya bayyana musu cewa wanda ya sa takalmin bai cika shi ba, kuma da zani ya yi tafiyar. Wani daga baya ya ce ai mun san za a rina, 'yan gari ɗaya ne. Ɗantsoho ya yi kamar bai ji ba.

"Alhaji, a garin nan aka haife ka, Mosanci a bakinka ya fi nawa. In mutum ya gaishe ka ya ce zak ramba, me yake tambaya?"

"Mutanen gida," in ji Alhaji, a gajarce.

"To zaka fa?"

Alhaji ya ce, da wata irin murya, "Wane gida? An rushe gidan. Yana tsaye aka rushe shi."

"Akwai wanda ba a rushe ba, Baba."

Kubra ce. Ta fito daga zaure da silifas ɗin a hannu, ta durƙusa a gaban ubanta. Ta ce ita ta ɗauka. Tun da Baffa Tijjani ya ce ba a sakar masa tsuntsaye a gida, kuma in an sake su kango za su koma, Abduljalil ya fara zuwa Larle wurin Yaaba yana gina musu wuri. Tun yana ƙarami gidan Yaaba yake kira zaka, da ta tashi sunan ya bi ta. Ya taɓa ɗaukar Kubra a bayan keke ya nuna mata, ya ce kada ta faɗa sai ya gama. Bayan rasuwar ta gwada gaya wa Baba, ya daka mata tsawa ya ce kada ta ɓata wa ɗansa kalmarsa ta ƙarshe. Da ta ji an aika a wasa wuƙa, sai ta ɗauka. Takalmin kuwa tun ranar da aka dawo daga likita yake ƙarƙashin katifarta, tana sa shi da asuba in ba kowa, don ta ji kamar yana nan. Ba ta yi tunanin sawu ba. Ta juya wajen Rafi'u ta ce tsoro ne ya rufe mata baki, ya yafe mata.

Sai ta ƙara abin da ya karya kowa. Yaaba ba ta san ya rasu ba. Ba wanda ya je ya faɗa mata. Ta iske tsohuwar tana ajiye masa tuwo kullum da yamma, tana cewa jarrabawa ce ta riƙe shi, ita ma Kubra ta kasa gaya mata.

Daga cikin gida aka ji kukan Hajjo. Alhaji ya sunkuyar da kai. Ba wai bai san kalmar ba. So yake ɗansa ya cika da maganar Allah a baki, sai kunnensa ya ba shi abin da yake so. Kowa a wurin ya gane haka, ba wanda ya ga laifinsa. Ya miƙe, ya ratsa tabarmi har inda Mani da ɗansa suke, ya kama hannun Rafi'u da hannu biyu.

"Jama'a, ku shaida. Na kira yaron nan ɓarawo, ƙarya na yi masa. Duk inda rusau ya jefa ku, in an tambaye ku, haka za ku faɗa. Rafi'u, ka yafe mini don Allah."

Rafi'u ya gyaɗa kai. Mani ya juya baya yana gyara hular da ba ta karkace ba. Mai garejin, wanda ke zaune a sahun gaba, ya ce da ƙarfi gobe fa kada a makara, aiki ya taru. Ɗantsoho ya harare shi, ya ce a ransa ka ji mutumin banza.

* * *

Bayan an sauko Juma'a suka tafi Larle, Alhaji da Hajjo da Kubra, da Mani da ɗansa, da Wada ɗauke da ƙunshin kaji, Ɗantsoho a bayan mobilet yana ƙorafin gwiwa. Yaaba Poko tana zaune gindin mangwaro, ƙanƙanuwa, idonta ya yi fari. Alhaji ya cire takalmi ya durƙusa ya sanar da ita rasuwar, ya yi mata gaisuwar rashi da Mosanci, kamar ita ce uwar, su ne baƙi. Ta shafa kansa, ta laluba ta kamo Hajjo suka rungume juna.

A jikin katangar gabas ga aikin yaron. Tsofaffin tukwane ne ya tsinto daga kangon Zango, ya kwantar da su bakinsu waje, ya dame su da jar laka, layi bisa layi. Tantabarun sun riga sun shiga, wata har ta fara jan tsinke. A kan lakar ko'ina shatin yatsunsa ne ya bushe. Hajjo ta sa tafinta a kan ɗaya ta tsaya haka. Layin sama ne kawai babu, tukwanensa suna jere a ƙasa.

Rafi'u ya daɗe yana kallo daga nesa. Can ya matso ya tsuguna gaban tsohuwar ya tambaye ta, da Mosancinsa na gareji, ko Jalil ya taɓa ambatonsa.

Yaaba ta tambayi sunansa. Da ya faɗa sai ta yi dariya, ta ce ya miƙe ta ji. Ta bi hannunsa da lalube har inda ta iya kaiwa, ta ce lalle kai ne dogon. Layin sama ai kai Jalil ya bar wa. Ya ce hannunsa ba ya kai, amma yana da aboki mai tsawon banza, suna faɗa ne yanzu, da sun shirya zai kawo shi ya ƙarasa.

Sai Rafi'u ya tuɓe rigarsa ya rataye a reshen mangwaro, ya tambayi inda ake ɗibar ƙasa. Kubra ta ɗauko bokiti ta nufi rijiya. Da laka ta kwaɓu ya taka dutse ya miƙa hannu ƙasa ba tare da ya waiwaya ba, Alhaji Abdulganiyu kuwa, da babbar rigarsa ta Juma'a, shi ya duƙa ya miƙa masa tukunyar farko.